Kwaɓar Gwaggo

Ina kan keken ɗinki da hantsin wata Talata, ina haɗa wuyan taguwar wani mahauci, ƙanena ya jingine basukur ɗinsa a bakin rumfata a kasuwar Gusau. Gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu. Bai zauna ba, bai karɓi ruwan da na miƙa masa ba.

Ya ce, "Gwaggo ta cika bayan sallar asuba."

Na yi salati, na bar allura a cikin yadin, na roƙi maƙwabcina ya rufe mini rumfa. Muka sami motar gyaɗa mai komawa hanyar Sakkwato, muka ɗora basukur a baya, ta sauke mu a Bungudu ana shirin ɗaukar makara.

Ban taɓa ganin ƙofar gidanmu da jama'a irin na ranar ba. Gwaggo, yayar mahaifina, ba ta da sarauta, ba ta da dukiya, ɗanta guda kuma ya riga ta tafiya tun yana goye. Amma sai ga mutanen da ban san ta san su ba. Wata maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli, wadda suka yi shekara da shekaru ba sa ga maciji da juna, ita ce ta fi kowa kuka a tsakar gida. Tana ta faɗi tana maimaitawa, "Ran da na ɗaure kayana zan bar ɗiyana in tahi, ita ta kwance mini su." Mai unguwa ya zauna a zaure yana kaɗa kai, ya ce rabin ƙarar da ya kamata ta zo gabansa a ɗakin Gwaggo take mutuwa, shi sai dai ya ji labari daga baya. Baffana na Tsafe, ƙanen Baba, bai sami jana'iza ba. Washegari ya iso, ya zauna tabarma ɗaya da Baba, kafaɗa na gugar kafaɗa.

Ranar addu'ar uku wani malami daga ƙauyen gaba ya zo gaisuwa. Bayan ya shafa fatiha ya ce, "Allah ya jiƙanta. Na ji an ce mace ce mai faɗa, amma faɗan gaskiya."

Sai Baba ya ɗaga kai ya ce, "A'a, Malam. Ba hwaɗa taka yi ba. Kwaɓa taka yi."

Malamin ya yi murmushi, ya ɗauka duk ɗaya ne. Mu da muka tashi a hannunta mun san ba ɗaya ba ne. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, don 'ya'yana da za su girma ba su san ta ba.

Gajeriya ce, baƙa, mai saurin tafiya. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubanta, aka ba ta ɗakin da ke kusa da rumbun dawa. Sana'arta kaɗi da daddawa. Kullum za ka same ta da mazari a hannu, alli a yatsa, goro a kunci. Ba ta ɗaga murya. Idan ta ga kana shirin aikata abin da bai dace ba, ba za ta ce maka komai a gaban mutane ba. Sai ta ajiye mazari, ta dube ka, ta ce, "Zo ka kama mini wani abu bayan rumbu." Babu wani abin kamawa a bayan rumbun. Turmi ne kawai a kife, ta zauna a kai, kai kuma ka tsuguna. Har ta kai a gidanmu idan aka ga mutum ya fito jiki a sanyaye, sai a ce an kai shi bayan rumbu. Manya ma ba su tsira ba.

A can take cewa, "Akul." Sau ɗaya take faɗinta. Daga nan ta gaya maka dalili, ta tambaye ka abin da kake nema da wannan aikin, ta ce to ga wata hanya. Idan ka ji, ba za ta sake tayar da maganar ba har abada. Idan ka ƙi, ba za ta bi ka da gori ba.

Na taɓa tambayarta, bayan na girma, me ya bambanta abin da take yi da faɗa. Muna zaune a ƙofar ɗakinta, jikar maƙwabta mai rarrafe ta nufi murhu, ta miƙa hannu za ta damƙi garwashi. Gwaggo ta kai hannu ta buge hannun yarinyar gefe, ta ɗauke ta ta ɗora a cinya, ta ba ta ludayi ta yi wasa da shi.

Ta ce, "Ka gani? Na kwaɓe mata hannu. Ban zage ta ba, ban ce mata ba ta iya komi ba, ban hana ta rarrahe ba. Wutar kaɗai na raba ta da ita. Mai hwaɗa huce haushinai yaka yi. Mai hani iko yaka nunawa. Akwai kuma wanda ya hi su muni, mai kashe gwiwa. Shi ba wuta ya gani ba. Tahiyar taka ce ba ya so."

Na san mai kashe gwiwa, domin na sha shi. Shekarar da na ce zan bar noma in koyi ɗinkin keke a Gusau, gidanmu kaf ya taso mini. Baba ya ce wannan aikin baƙi ne na Sabon Gari, ba na ɗan manomi ba. Wani kawuna ya ce yatsuna sun yi kauri da riƙon fartanya, allura ba za ta zauna a cikinsu ba. Abokaina suka ce kafin shekara zan dawo da wando ɗaya. Na fusata, na yi niyyar in kama bijimin da na yi kiwo in sayar ranar kasuwa, in sayi keke, in bar garin ana tsakiyar noman farko.

Gwaggo ta kira ni bayan rumbu.

Ta ce, "Akul ka taɓa bijimin nan, akul kuma ka bar ubanka da gona damina tsaka."

Na ce, "Gwaggo, har da ke?"

Ta ce, "Har da ni mi? Na ce kar ka tahi? Ka iya ɗinkin da za ka sai keke? In ka sai shi yau, kallonai za ka yi. Ka tsaya a kai amfani gida. Da kaka ka tahi ka zauna wurin mai sana'ar, ka koya da keken wani. Ran da ka ɗinko mini riga da hannunka na sa ta ba ta yage ba, ni zan kama igiyar san in kai shi kasuwa."

Da yamma kuma ta kira Baba, ƙanenta, mai gemu da furfura, zuwa wuri guda. Ban ji abin da ta ce masa ba, sai ƙarshen, da ta ɗan saki murya: "In ka ga rami gabanai, nuna mashi. In ba ka ga komi ba, bar shi ya taka." Da kaka Baba da kansa ya raka ni bakin hanya. Bayan shekara ɗaya da rabi na kawo mata riga ta baƙin yadi. Ta juya ta ciki da waje, ta ja ɗinkin hammata da ƙarfi, ta sa. Igiyar ma ba ta bar wa kowa ba. Mata na dariya, tsohuwa na jan sa zuwa kasuwa.

Rigimar da ta fi kowace girma tsakaninta da Baba a kan gona ce. Kakanmu ya bar wata gona mai itatuwan ɗorawa a gefen Tsafe, inda asalinmu yake. Baffa ne ke nomanta tunda shi ke zaune a can, yana aiko wa Baba da kalwa da dawa duk shekara. Wata shekara aiken bai zo ba. Masu kai-komo suka ce Baffa na cewa gonar tasa ce shi kaɗai. Baba ya rantse sai alƙali ya raba su. Ya shirya da sassafe, ya sa babbar riga, ya naɗa rawani, ya fito zaure neman takalmansa. Ya tarar Gwaggo zaune a kansu tana kaɗi.

Wannan karon babu zancen bayan rumbu, don ta riga ta kai shi can jiya ya ƙi ji.

Ya ce, "Yaya, tashi mini a kan takalma."

Ta ce, "Ba ni tashi."

"Haƙƙina ne."

"Haƙƙinka ne, ban musa ba. Amma ka ji daga bakinai? Wa ya hwaɗa maka, in ba masu cin goron bakin kasuwa ba? In kunka tsaya gaban alƙali, gona za ta rabu, ku ma kun rabu ke nan, ɗiyanku ma sun rabu. Ni na goya ku duka biyu. Ba ni zama in gani."

Ya ce zai tafi ko ba takalmi. Ta ce ya tafi, amma ya sani duk wanda ya gamu da shi a hanya zai tambaye shi dalili. Baba ya tsaya yana huci, ya juya ya koma ciki. Wata biyu bai gaishe ta ba. Ita kuwa kowace safiya sai ta tsaya a ƙofarsa ta ce, "An tashi lahiya?" ta wuce, ko ya amsa ko bai amsa ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta sa aka hau da ita mota, ta kwana biyu wurina a unguwar Tudun Wada a Gusau, ta wuce Tsafe ita kaɗai. Ta tarar Baffa kwance, kurkunu ta fito masa a ƙafa biyu tun farkon damina, gonar ma rabinta ciyawa ta cinye. Kunya ce ta hana shi aikowa ya ce bai samu ba. Shi ma ta kwaɓe shi a kan shirun da ya yi. Da ta dawo ta faɗa wa Baba abin da ta gani, a tsaye, ba ƙari, ba "ai na gaya maka". Baba ya auna dawa buhu biyu ya kai wa ƙanensa da kansa.

Da a nan labarinta ya tsaya, da na ce Gwaggo ba ta taɓa kuskure ba. Ta yi, kuma a kaina ya faɗa. Ita ce ta ce idan za a ba da labarinta kada a cire wannan.

Lokacin ina Gusau ina neman wurin zama, maiɗakina tana Bungudu a gidanmu da ɗanmu na fari, yana shekara biyu da 'yan watanni. Da bazara, ana tsananin zafi, zazzaɓi ya kama shi, wuyansa ya sandare. A shekarar sanƙarau ya shiga garuruwa da yawa. Kowa ya san ɗan fari ba a nuna damuwa da shi. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai. Maiɗakina yarinya ce mai kunya ƙwarai, amma a rana ta biyu ta ajiye kunyar, ta goya shi a gaban kowa, ta ce za ta tsaya bakin hanya ta nemi mota zuwa asibiti a Gusau.

Gwaggo ta kira ta bayan rumbu ta ce, "Akul."

Ta ce mata ta ji ana ware masu wannan ciwo a bukkoki bayan gari, ba a barin uwa ta kusance su, in sun mutu ma ba a ba da gawa. Ta ce a bari a gwada rubutu da turare tukuna. Maiɗakina ta kwance goyon. Wa zai tsallake maganar Gwaggo? Sai a rana ta huɗu aka aiko mini. Na iso da la'asar na tarar an rufe shi.

Na karɓi gaisuwa, na ce haka Allah ya so, kuma na yi imani da hakan. Amma na daina shiga ɗakin Gwaggo. Idan na zo gida sai in gaishe ta daga tsakar gida in wuce.

Bayan kwana bakwai, da rana tsaka, mata na sussuka a tsakar gida, Gwaggo ta fito ta nufi ƙofar maiɗakina. Ta durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, tsohuwa a gaban yarinyar da ta yi jika da ita. Matan suka saki taɓare. Inna, mahaifiyata, ta ruga za ta ɗaga ta, ta ce a bar ta.

Ta ce, "Ɗiyata, kwana ya ƙare ba mai ƙara shi, na sani. Amma abin da na yi maki ba kwaɓa ba ce. Ban ga bukkokin nan da idona ba, ji na yi. Tsoro na ji, na ɗauki tsorona na aza maki. Ke kinka ga hanya, ni na kashe maki gwiwa. A ɓoye na yi maki, amma a gaban mutane nika roƙonki. Ki yahe mini."

Maiɗakina ta rufe fuska da mayafi tana kuka, ta ce, "Na yahe, Gwaggo. Don Allah ki tashi."

Ni ina zaure, Inna ce ta zo ta gaya mini. Da yamma na shiga ɗakin Gwaggo na zauna. Ba mu yi maganar ba. Ta ɓare goro ta ba ni rabi.

Daga ranar Gwaggo ta rufe bakinta. Kusan shekara guda ba ta kira kowa bayan rumbu ba. Ana yin abu a gabanta, ta dube shi, ta mai da kai kan mazarinta. Gidan ya fara tsami. Matan ƙannena biyu suka yi cacar baki har da jifa da murfin tukunya. Ƙanena ya fara bin 'yan caca ranar kasuwa, kowa na gani, kowa na jiran wani ya yi magana. Baba ya yi masa tsawa sau biyu a gaban jama'a, abin ya ƙaru.

Maiɗakina ce ta je ta same ta. Ta ce, "Gwaggo, zo ki kama mini wani abu bayan rumbu."

Ta ba ni labarin daga baya tana dariya tana share hawaye. Ta ce tsohuwar ta bi ta ba musu, ta tsuguna, ta bar mata turmin. Ta ce mata, "Gwaggo, akul kika ƙara yin shiru. Sau ɗaya kinka yi kuskure, kin biya shi da gwiwarki. Gidan ga na lalacewa kina kallo. In kin bari don ni ne, to ni ban so."

Gwaggo ta ɗaga kai ta dube ta. Can ta ce, "Kin iya. Kin hwaɗi sau ɗaya, kin ba da dalili." Washegari ta kira ƙanena. Ban san abin da ta gaya masa ba, amma bai sake zama wurin 'yan caca ba, kuma da rani ya fara fataucin albasa zuwa Mada.

Kwaɓarta ta dawo, sai dai ta sake. Kafin ta ce akul sai ta tambaya, "Mi ka sani wanda ban sani ba?" Idan abin ya shige mata duhu, kamar maganar boko ko ta jirgin ƙasa, sai ta ce, "Wanga ban san shi ba, ba ni hana ka. Tambayi wanda ya sani." Da aka ce za a sa ɗan ƙanena makaranta, dattawa suna ta jan ƙafa, aka zo neman bakinta don a samu abin fakewa. Ta ce ita ba ta ga wuta a ciki ba, in wani ya gani ya nuna mata. Ba wanda ya nuna.

Shekara uku bayan rasuwar ɗanmu, 'yarmu ta biyu ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, mun zo Bungudu gaisuwar salla. Tun kafin maiɗakina ta buɗe baki Gwaggo ta ɗauki yarinyar ta goya da zanenta, ta fita bakin hanya ba ko takalmi. Motar farko ba ta tsaya ba. Ta biyu ta shiga tsakiyar hanya ta ɗaga hannu biyu, direba ya taka birki yana zagi. Ta ce masa, "Zage ni a hanya, ɗana, mu dai tahi." Kwana tara ta yi a gindin bishiya a harabar asibiti tana dama wa uwar kunu. Yarinyar ta tashi. Ga ta can tana koyon harhaɗa baƙi.

Ciwon ajalinta kumburin ƙafa ne da haki. Da ya yi tsanani maiɗakina ta bar ni da girkin kasuwa ta tare a Bungudu, ta yi wata guda tana jinyarta, tana juya ta, tana ba ta koko da ludayi. Zuwana na ƙarshe ranar Juma'a ne, kwana huɗu kafin ta cika. Na same ta a jingine da bango, muryarta ta dushe. Inna da sauran tsofaffin gida suna zaune. Ta sa aka kira Baba ya tsaya a bakin ƙofa don ya zama shaida.

Ta ce, "In na tahi, matar ɗan nan za ta yi mini wanka."

Inna ta ce, "Yaya, ga mu tsohi, a ba yarinya? Ba ta taɓa yi ba."

Ta ce, "Ku tsaya kusa ku nuna mata. Hannun da na hana ya kai ɗanai magani, shi nika so ya wanke ni. In ya yarda ya taɓa ni, na san yahiyar ta kai zuci."

Maiɗakina tana gefen gado da ƙwaryar koko a hannu. Ta ajiye ƙwaryar, ta kama tafin hannun Gwaggo ta riƙe.

Ita ta yi mata wankan. Inna ta ce sai da ta ɗaure likkafani ta fito, sannan ta zauna a ƙasa ta yi kukanta.

Allah ka ga baiwarka, ka san waɗanda ta janye daga wuta, ka san ranar da ta durƙusa. Ka yafe mata kamar yadda aka yafe mata a nan, ka yalwata mata makwanci, ka haɗa ta da yaron nan namu a inda babu ciwo. Amin.